Allakaye: Ciyawar Tudu da ta Kwari

Allakaye gari ne a ƙasar Buza, cikin jihar Tawa. Yankin nan na Adar, daga Madawa har Kaita, duwatsu ne a bisa, kwari a ƙasa. In aka yi ruwa, ba ya tsayawa a tudu. Gangarawa yake yi, ya kwashi ƙasa, ya zuba cikin ƙorama. Don haka ciyawar tudu gajera ce, ta kwari kuwa tana kai mutum ƙugu.

Baƙo zai ce ta kwari ta fi. Makiyayi ya san ba nan take ba. Ruwa mai yawa yana sa ciyawa tsawo, amma abincin da take sha a ƙasa bai ƙaru ba. Kamar fura ce da aka cika wa ruwa. Masana sun auna haka a Mali, suka bayyana shi a 1982: ciyawar arewa kaɗan ce, amma ta fi ta kudu ƙarfi. Yana cikin dalilan da ke kai shanu Azawak da damina.

Sai maganar yanka, wadda ta fi damunmu. Cikin kilo 100 na ɗanyar ciyawa da aka shanya, abin gina jiki yakan wuce kilo 10. In ta bushe a tsaye har rani, sai ya koma 3 ko 4. Saniya kuwa tana bukatar wajen 7. Ga ciki cike, ga rama!

To jama'a, a ɗauki lauje sa'ad da kyasuwa ta fara fidda kai, wajen Satumba. Gaskiya ne lokacin aikin hatsi ne, hannu ya yi kaɗan. Duk da haka dami 10 na ingirici sun fi tarin busasshiyar da ake kalata a Afrilu. A shanya ta kwana 2 ko 3, kada ruwa ya doke ta, don yana wanke amfaninta. A ɗaure, a aza bisa rumfa, a rufe.

Kada kuma a aske fili duka. Kyasuwa da ƙarangiya daga iri suke fitowa kowace shekara. Filin da aka yanke kakaf kafin iri ya zuba, fako zai zama. A Kaita, bayan farin 1984, mata da maza sun yi shekaru suna jera duwatsu da haƙa ramu kafin ciyawa ta sake tsira a irin wannan fako.