Lakwal a Babankatami: Aji Na Fari Maƙil, Na Ƙarshe Da Sauran Wuri

Babankatami gunduma ce ta karkara a yankin Buza, cikin jihar Tawa, ƙasar Adar mai tudun duwatsu da kwazazzabai. Na je wata lakwal ta gwamnati a ɗaya daga ƙauyukanta bayan an gama ɗaurin damman hatsi, lokacin da karatu ke kankama da gaske, duk da cewa tun watan Oktoba ake buɗe makarantu a Nijar. Kafin nan rabin yaran suna gona.

Ɗakunan siminti na manya ne. Ƙanana suna cikin rumfar kara, zaune a kan rairayi, kowa da ɗan allonsa da alli. Rumfar nan ba ta tsayuwa sai an samu kara, wato sai bayan girbi, kuma ruwan farko ke tashinta, don haka shekarar karatun mai rumfa guntuwa ce ta kai da ta gindi. Tun gobarar da ta ci yara a irin waɗannan rumfuna a Yamai da Maraɗi a 2021 ake maganar kawar da su, amma ga su nan.

Aji shida ne a firamare, daga CI zuwa CM2. Wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya zai ga abin da littafin kiran suna ke ɓoyewa. A CI babu wurin sa ƙafa: 'ya'yan Adarawa manoma ne suka fi yawa, ga na Buzaye, ga tsirarun Fulani, mata da maza kusan kunnen doki. A CM2 kuwa benci na da sauran wuri, kuma 'yan mata sun zama abin ƙirgawa da yatsa. Talla ta ɗauki wasu, ɗiban ruwa da rainon ƙanne sun ɗauki wasu, saura an sa musu rana, ko da yake tun Disamban 2017 akwai dokar da ta ce a bar yarinya a makaranta har ta kai shekara 16. Mazan ma ba su tsira ba. Adar ƙasar 'yan cin rani ce. Yaron da ya ga yayansa ya dawo daga Abijan ko Libiya da babur da waya, da wuya lissafin mushe, wato malamin lakwal, ya riƙe shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne karatun kansa. Mushe ya rubuta jimla da Faransanci, ya karanta, aji duka ya amsa da murya ɗaya har rumfa na kaɗawa. Ya nuna yaro guda, ya ce ya fara daga tsakiyar layi, sai aka yi tsit. Hadda ce, kuma yaran nan gwanayen hadda ne, don da asuba sun riga sun zauna gaban malamin allo. Da mushen ya juya bayanin zuwa Hausa, hannuwa suka tashi sama. Ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba.

Ba a Adar kaɗai ake wannan ba. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a Nijar, cikin ɗalibai 100 da ke ƙarshen firamare, ba su kai 10 ba waɗanda ke karatu su fahimta yadda ya kamata. A 2019 adadin ya hau zuwa kusan 30. An ci gaba, amma 7 cikin 10 na fita da gibi. Malaman ma, mafi yawansu 'yan kwantiragi ne, kuma da aka yi musu jarrabawa a 2017, kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka samu rabin maki. Ban ga laifin mutumin da aka turo ƙauye ba littafi, ba masauki, aka danƙa masa aji biyu ba. Batun harshe kuwa, tun 1973 Nijar ke gwajin koyarwa da harshen gida. A 2025 an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, sai dai allon rumfar nan bai ji labari ba tukuna.

Masu sake rumfar kowace shekara iyaye ne, ta hanyar kwamitin kula da makaranta, tsarin da ya yi ƙarfi a jihar Tawa tun 2004 da tallafin hukumar JICA ta Japan. Su ke tara kara da gudummawa, su ke bi gida gida in yaro ya ɓace. Yanzu da aka dawo da jarrabawar satifiket a 2024 bayan dogon dakatarwa, sun samu ma'aunin da suke iya tambayar darakta a kai: nawa suka zauna, nawa suka ci?

Tambaya ta gaba ita ce ta masauki. Kwaleji ba ta kowane ƙauye, kuma uban da 'yarsa ta ci jarrabawa sai ya nemo mata mai riƙo a garin da kwalejin take, ya aika da hatsinta. In bai samu gidan da ya yarda da shi ba, karatun ya tsaya a CM2.