Murhun da na gina wa darare ashirin

A Jos na ɗauko wannan kwaɗayi. Na kwana biyu a wani tsohon gidan Turawan haƙar kuza wajen Bukuru, cikin Disamba, aka hura itace a murhun falo, muna shan shayi wuta na ƙara. Na dawo Kano na ce sai an yi mini irinsa a gidan da nake ginawa. Ban tuna Jos na bisa tudu mai tsayin wajen mita 1,200 ba, Kano kuwa ko rabin haka ba ta kai ba.

Maginin ya yi iya nasa. “Alhaji, in dai lallai sai an yi, a sa na gas. Sanyinmu na asuba ne. Ka kunna rabin awa, ka kashe.” Na ce gas ba shi da ƙamshi. Ya yi shiru, ya ja mini bututun hayaki har saman rufi, na biya.

Daren farko da muka hura, hayaƙin ya ƙi hawa, ya dawo falo ya kori yara waje suna tari. Sai daga baya na gane dalili. Bututu na jan hayaƙi ne idan iskar cikinsa ta fi ta waje zafi sosai, saboda mai zafi ta fi sauƙi, sama take nema. Inda sanyi bai tsananta ba, jan yakan yi rauni, balle ga bututuna gajere. Ranar da ya ja kuma, yawancin ɗumin ya bi hayaƙin ya fice. Itace kuwa ba shi da makunni: in ya kama sai ya cinye, ko da hantsi ya dubi ludayi kowa na gumi.

Hunturun gaske bai fi 'yan makonni ba, daga ƙarshen Disamba zuwa Janairu. Sauran shekara ramin nan ƙura yake zubo mana, da bazara iska mai zafi, da damina ɗigon ruwa mai baƙin toka. Jemagu ma sun samu masauki.

Hajiya mahaifiyata ta leƙa shi sau ɗaya, ta ce a zamaninsu gadon ƙasa ake zuba wa garwashi a ƙarƙashi. Har yau kaskonta take sa a kawo mata da asuba, taga a buɗe saboda gubar gawayi, in rana ta fito a fitar da shi.

Bara na sa aka toshe bututun da siminti. Uwargida ta jera kwanukanta a ramin.