Abin da Ke Bayan Allo

Ban taɓa harba bindiga ba. Gara in faɗi wannan tun farko, don a san irin mutumin da ya naɗa kansa shugaban shirya gasar harbin nesa a Kaduna a kakar 2022. Ilimina duk na waya ne. Nakan raba dare ina kallon Amurkawa kwance rub da ciki suna samun faifan ƙarfe daga yadi dubu, har bakina ya iya zancen iska da saiti kamar wanda ya yi ritaya daga barikin soja na Jaji.

A majalisarmu ta Unguwar Rimi kuwa akwai masu son bindiga na gaske. Wani ya gaji mai baki biyu daga mahaifinsa, yana shafa mata mai duk Juma'a. Wasu 'yan farauta ne masu harbi-ka-ruga. Kullum musun ɗaya ne, wa ya fi wani saiti. Ran nan na ce a daina cika baki, a yi gasa. Suka ce, "To ai kai ne ɗan boko, shirya." Nan take kaina ya kumbura.

Na kuwa shirya. Na shiga kasuwar Sheikh Abubakar Gumi na sayo kofi mai ruwan zinariya. Na kama rumfa da kujeru, na yi magana da mai tsire, na yi odar ruwan leda. Wani aboki ya ara mana gonarsa can gaba da Rigachikun, an riga an girbe masara, fili fetal. Na auna mita 500, na kafa allon falanki, na zana masa da'ira da jan fenti. Bayan allon akwai kurmi da 'yan itatuwan mangwaro, har na ji daɗi, na ce hoto zai yi kyau. Sannan na tura saƙo ta WhatsApp: kowa ya zo da kayan aikinsa. A shekarar da aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ke nan, ranar 28 ga Maris, kuma a watan Agustan 2021 'yan bindiga sun shiga har cikin makarantar soja ta NDA da ke Afaka. A irin wannan gari na gayyaci mutane su taru a daji da bindigogi, ban sanar da kowace hukuma ba.

Saura alƙalin gasa. Aka haɗa ni da wani tsohon sajan na soja a Kawo, dattijo mara yawan magana. Na ɗauke shi a mota don ya ga wuri, a raina ina jiran yabo. Bai kalli inda za a kafa rumfa ba. Ya taka har gaban allon, ya ƙwanƙwasa falankin da ɗan yatsa, ya juyo.

"Malam, wanda ya kuskure allon nan, ina harsashinsa zai je?"

"Daji, Baba."

"Wanda ya same shi fa?"

Na yi shiru. Ban taɓa tunanin harsashi zai huda falanki ya ci gaba da tafiyarsa ba.

"Mu je mu ga dajin," in ji shi.

Kurmin da na ɗauka ƙarshen duniya ne, ashe faɗinsa bai kai taku hamsin ba. Muna ɓullawa sai ga 'yar hanyar ƙafa wadda sawu ya daddaɓe, ta ratsa daidai bayan allona. Gaba kaɗan ruga ce. An kife ƙore a kan karan dawa suna shan iska, wasu yara biyu na kora maruƙa cikin karmami, wata yarinya da ba ta wuce shekara shida ba tana goye da ƙaninta, zanen goyon na zamewa tana gyarawa da gwiwar hannu. Wata dattijuwa ta fito ta yi mana sannu da zuwa, ta ce ko a dama mana fura.

Na waiwaya. Ta tsakanin ganyen mangwaro ina hango bayan allon, a miƙe sak da inda yarinyar take tsaye. Gumi ya karyo mini, bakina ya bushe, na kasa amsa gaisuwar dattijuwar sai Baba ne ya amsa mana. Ni ne na tsaya a gonar nan na zaɓi wannan layi da hannuna, saboda rana za ta kasance a bayan maharba kuma hoto zai fito. A aljihuna akwai takardar da na zana taswirar gasa: ga rumfa, ga wurin ajiye motoci, ga wurin mai tsire, ga allo a can saman takarda. Daga allo takarda ta ƙare, tunanina ma ya ƙare. Ba wai na auna haɗarin na raina shi ba ne. Sam bai zo mini ba, don a bidiyon da nake kallo kyamara ba ta taɓa leƙa bayan faifan ƙarfen ba, ni kuma ban tambaya ba.

Baba bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. A hanya ya ce harsashin bindigar soja yakan yi tafiyar kusan kilomita 4 idan bai gamu da komai ba, ƙaramin nan na .22 ma yana wuce kilomita guda, kuma a busasshiyar ƙasar kaka yakan bugi ƙasa ya tashi ya canja hanya. Shi ya sa filin harbin soja ke da tudun ƙasa a bayan allo, da jan tuta, da masu gadi, da fili mai nisa da aka hana kowa shiga.

Muna wuce gadar Kawo ya tambaye ni da wace bindiga ma za a kai mita 500. Harbi-ka-ruga da mai baki biyu ko kusa ba sa zuwa. Irin masu harsashin 7.62 da .303 kuwa, dokar makamai ta 1959 ta sa su cikin haramtattu, sai da izinin shugaban ƙasa. Mai baki biyu da bindigar farauta, har da ta iska, lasisinsu na Sufeto Janar ne, harbi-ka-ruga kuma na kwamishinan 'yan sanda. Ni ban tambayi kowa takarda ba. Ke nan na shirya gasar da yawancin abokaina ba za su iya shiga ba, wanda ya ci kuma mai yiwuwa daga karɓar kofi sai ofishin 'yan sanda, ni a gaba.

A daren na tura saƙon fasawa, na rubuta "saboda wasu dalilai", don har lokacin girman kai bai sake ni ba. Sai da na je majalisa na faɗi gaskiya da bakina. Tun daga ranar suke kirana Kwamanda. Kuɗin rumfa bai dawo ba, mai tsire kuma sai da na biya shi rabin kuɗin naman da ya riga ya saya.