Tun Yankan Yana Ɗanye

Ɗana, mahaifiyarka ta gaya mini wata biyu ke nan ba ka taka gidan ƙanenka ba. Zauna in ba ka labarin wani abu daga ilimin sinadarai, wanda na ƙare ƙuruciyata ina koyarwa.

Akwai wata ƙwayar sinadari da ake samu daga sitaci, irin na masara ko rogo, sunanta saikulodestirin. Ƙwayoyin sukari ne shida ko bakwai ko takwas suka kama hannun juna suka yi zobe, da rami a tsakiya. Ramin nan ɗakin baƙi ne, amma ba kowa yake sauka ba, sai wanda girmansa da siffarsa suka dace. Masana da kansu "mai masauki da baƙo" suke kiran wannan hulɗa, kuma bincike a wannan fanni ne ya sa Pedersen da Cram da Lehn suka sami kyautar Nobel a 1987.

A Jami'ar Osaka ta Japan, Akira Harada da abokan aikinsa sun rataya waɗannan zobba a jikin dogayen zaruruwa, suka rataya baƙi a jikin wasu. Da aka haɗa su cikin ruwa, kowane baƙo ya nemi ɗakinsa, sai ruwan ya kama jikinsa kamar kokon da ya huce. Wannan shi ne jel. Kowane riƙo ɗaya mai rauni ne, yana saki yana sake kamawa, amma yawansu ya ɗaure abin kamar tsintsiya. Jel ɗin kuma yana jin abin da ke kewaye da shi. Akwai baƙon da ake kira azobenzin: in aka haska masa hasken ultrabayolet sai ya lanƙwashe ya fice daga ɗakin, jel ɗin ya saki, in aka dawo da hasken da ido ke gani, ya miƙe ya koma.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne, in ka yanka irin wannan jel da wuƙa ka manna bakin yankan biyu, zai ɗinke da kansa, domin ɗakunan da aka raba da baƙinsu suna nan a buɗe suna jira. Sai dai jiran yana da iyaka. In an daɗe ba a haɗa su ba, a hankali masu masaukin kowane ɓangare sukan karɓi baƙin da ke gefensu, sai ɗinkin ya yi rauni ko da an matse su.

Haka ta faru tsakanina da yayana, Allah Ya jiƙansa. Maganar gona ce ta shiga tsakaninmu, na ce sai ya fara zuwa, shi ma ya ce haka. Muka yi shekara huɗu. Ranar da na je, ya karɓe ni da mutunci, ya shimfiɗa mini tabarma, amma ya riga ya sami wasu abokan shawara, ni ma na sami nawa. Muka gaisa kamar maƙwabtan nesa. Har ya rasu ba mu koma hirar bayan isha'i da muka saba ba, kuma har yau ina kuka da wannan jinkirin.

Zumunci ba da alkawari ɗaya babba yake tsayuwa ba. Gaisuwar safe ce, da duba mara lafiya, da ƙwaryar abinci da aka aika, kowanne ƙarami amma da yawa. Saɓani yakan yanka, wannan ba a guje masa, shi ya sa addininmu ya hana ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku.

Ɗakin da ka bari a zuciyar ƙanenka bai cika ba tukuna. Kada ka tsaya lissafin wa ya fi laifi, kai ne babba. In an sallame la'asar, sa takalminka ka tafi. Allah Ya yi muku albarka.