Hasken Leza da Wuyan Marubuciya

Makaranta, a yi min afuwa kan jinkirin babi na tara, ciwon wuya ne ya hana ni sunkuyawa kan takarda. A sashen gashin ƙashi aka riƙa ɗora min wata 'yar na'ura mai jan haske, wai ita leza mai sanyi. Babu zafi ko kaɗan, tabarau kawai aka sa min saboda ido. Wani likitan Hungari, Endre Mester, shi ya fara lura da amfaninta a jikin ɓeraye a 1967. Nazarin da mujallar Lancet ta buga a 2009 ya nuna tana rage ciwon wuya. Ni dai na samu sauƙi, alhamdulillahi, sai dai kuɗin zuwa goma ya lashe ribar littafi guda cur.