Ranar Da Muka Sayar Da Babur Don Biyan Bashi

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, muna roƙonku ku ba mu aron kunnuwanku, domin mu ba ku labarin wani abu da ya same mu a nan Bunguɗu. Ba mu kawo shi don yabon kai ba, gama rabinsa abin kunya ne a gare mu. Mun dai san cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, watakila kuwa wani ɗan kasuwa ko ma'aikaci yana cikin irin halin da muka shiga.

A shekarar 2014 muka sayi babur ƙirar Bajaj da kuɗin adashin da muka zuba wata goma sha takwas a ofis. Tun daga ran nan ya zama kamar ɗaya daga cikin iyali. Shi ke kai mu wurin aiki a Gusau, tafiyar kimanin kilomita 20, shi ke kai mu gona, a kansa muka kai uwargida asibiti da tsakar dare sa'ad da za ta haifi autanmu. Kowace Juma'a da safe sai mun wanke shi da hannunmu, bakanike ɗaya ne tak muka yarda ya taɓa shi, har abokan aiki suka riƙa kiransa amaryar Malam.

Da daminar 2021 ta kama, sai muka je wurin wani Alhaji mai sayar da takin zamani a Gusau, muka karɓi taki da iri da maganin ciyawa na Naira 350,000, bisa alkawarin in kaka ta yi mu biya. Ba mu rubuta kome ba, ba mu kafa shaida ba, hannu kawai muka yi, ya ce Allah Ya ba da sa'a. Masara ta yi kyau ƙwarai, amma kowa ya san abin da ya auku a Jihar Zamfara a wannan shekara. 'Yan bindiga suka hana zuwa gonakin da ke nesa da gari, kuma a watan Satumba aka rufe kasuwannin mako-mako, aka katse layukan waya, aka taƙaita hawan babur da dare. Abin da muka iya kwasowa daga gona bai wuce na tuwon gida ba.

A cikin shekara biyu muka biya Naira 100,000 da kaɗan-kaɗan. Da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, sai albashi ya daina kai ƙarshen wata, biyan ya tsaya cik. Alhaji bai taɓa aiko mana da ɗan aike ba, wannan kuwa shi ya ba mu damar yaudarar kanmu. Muka sake hanyar da muke bi zuwa ofis don kada mu wuce ta gaban rumfarsa. Ran nan muka hange shi a sahun gaba a masallaci, ana sallamewa muka zari takalmi ba mu ko tsaya addu'a ba. Jama'a, mutumin da ya rufa mana asiri shi muka koma muna gudu kamar dodo.

Abin da ya farkar da mu jana'iza ce. Wani abokin aikinmu ya kwanta dama bayan jinyar kwana uku. Kafin a yi masa salla sai aka yi sanarwar da aka saba yi, cewa duk mai bin marigayi bashi ya ga magadansa. Mutum biyu suka zo bayan sadakar uku, ba takarda, ba shaida, 'ya'yansa kuwa ba su san kome ba, aka yi ta ja-in-ja a zaure. Muka koma gida jiki a sanyaye, muna tuna abin da Buhari ya ruwaito, cewa an kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gawar wani mutum da ake bi dinari 3, bai bar abin biya ba, sai ya umarci sahabbai su yi masa salla, shi bai yi ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin bashin. Muslim kuma ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi kome in ban da bashi. To, in haka ne ga wanda ya ba da ransa, ina ga mai wanke babur ran Juma'a?

Duk da haka zuciya ba ta rasa hujja ba. Ta ce mana ai Alƙur'ani, a aya ta 280 ta Suratul Baƙara, ya umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi. Ta ce ai babur ba kayan ado ba ne, abin neman abinci ne. Da waɗannan hujjoji muka tafi wurin malaminmu bayan sallar Asuba, da fatan ya ɗaure mana gindi.

Muka ce, "Allah Ya gafarta Malam, shin wajibi ne mutum ya sayar da abin hawansa don biyan bashi?"

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce malamanmu na Malikiyya sun yi bayani cewa in mutum ya karye, alƙali yana sayar da dukiyarsa ya raba wa masu binsa, amma a bar masa abincin iyali da tufafin sawa. Game da kayan sana'a kuwa, kamar maƙerar maƙeri, Shehu Halilu a Muhtasar ya nuna malamai sun yi taraddudi. Sai ya dube mu ya ce, "To, Malam, kai ɗan acaɓa ne?" Muka ce a'a. Ya ce, "In ba babur, albashinka zai tsaya?" Muka ce ba zai tsaya ba, akwai motocin haya. Ya ce, "Ashe ba maƙera ba ce, jin daɗi ne. Ayar saurarawa kuwa magana ce da aka yi wa Alhaji, kai taka ita ce hadisin da ya kira jinkirin mai hali zalunci."

Muka ce ko za mu nemi zakka, tun da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta sa masu bashi cikin mutum takwas da ake ba. Ya ce haka ne, amma a mazhabarmu sai mai bashi ya fara ba da abin da ke hannunsa da abin da ya yi rara a kan bukatarsa tukuna. Daga nan ya ba mu labarin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, na wani mutumin Juhaina mai suna Usaifi'u, wanda yake sayen raƙuma da tsada don a ce ya riga alhazai isowa, har bashi ya ci ƙarfinsa, Sayyidina Umaru ya yi shelar a raba dukiyarsa ga masu binsa, ya kuma gargaɗi mutane game da bashi. Malam bai ƙara kome ba, mu ma ba mu nemi ƙari ba, gama mun gane kanmu a cikin labarin.

Da muka shaida wa uwargida, sai ta ce, "Malam, dama na daɗe ina son in faɗa maka, kunya ta hana. Tun da bashin nan ya hau kanka ba ka yi barcin kirki ba."

Ran Asabar muka wanke shi wankin ƙarshe, muka ɗauki rasit da sauran takardu, muka kai wa dillali a Gusau. Aka taya Naira 220,000, muka ce albarka. Aka yi ta hawa har 270,000, muka sallama. Ba za mu ɓoye muku ba, sa'ad da yaron da ya saya ya tayar da shi, muka ji ƙarar da muka sani shekara tara tana nisa, sai da muka kau da kai. Muka ba dillali la'adarsa, muka nufi rumfar Alhaji a ƙasa, ta hanyar da muka ƙaurace wa.

Muka ce, "Alhaji, ga sauran kuɗinka, Naira 250,000, ka yafe mana jinkirin da muka yi." Ya ƙirga, ya ce, "Malam, ina babur?" Muka faɗa masa. Ya daɗe bai ce uffan ba, sa'an nan ya jawo wani littafi ya nuna mana sunayen manoman da yake bi tun 2021, shafi bayan shafi, ya ce shi ma akwai mai binsa a Kano, kuma saboda haka bara bai iya sauke taki ko rabin wanda ya saba ba. A nan muka gane cewa duk ranar da muka hau babur ɗin nan, da jarin wani muke yawo.

A kan hanyar komowa mun tuna da Jabiru ɗan Abdullahi, wanda mahaifinsa ya yi shahada a Uhudu ya bar masa bashi da 'yan'uwa mata. Manzon Allah ya sayi raƙuminsa a wata tafiya, da suka isa Madina ya biya shi, ya kuma mayar masa da raƙumin. Mu dai ba a mayar mana da namu ba, ba mu kuwa cancanci haka ba. Yanzu sai mu tsaya bakin titi mu jira motar Gusau, wata rana mu makara, kuɗin mota kuma ba ƙaramin nauyi ba ne. Amma muna shiga kowane masallaci mu zauna a kowane sahu, mu yi addu'armu har ƙarshe.

Saboda haka, ya 'yan kasuwa da ma'aikata, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, watau ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ku rubuta, ko da tsakanin wa da ƙane ne, ku kuma sanar da iyalinku, domin ba a raba gado sai an fid da bashi. Wanda ba shi da kome ya je ya faɗa wa mai binsa gaskiya, kada ya ɓuya. Mai bi kuma ya sassauta, yana da lada. Wanda kuwa ke da abin sayarwa, ya tambayi kansa irin tambayar da Malam ya yi mana, tun kafin a yi sanarwa a kansa yana kwance cikin makara.

Allah Ya biya wa kowane Musulmi bashinsa, Ya wadata mu da halal, Ya kawo zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, amin.