Babangida Uku, Mudu Ɗaya

A asalinsa, Babangida laƙabin alkunya ne. Idan yaro ya ci sunan kakansa, iyaye kan ji nauyin kiran sunan gatsau, sai su sakaya shi da Babangida. Rajistar makaranta da fasfo ne suka ɗauki irin waɗannan laƙubba suka mayar da su sunan iyali. Shi ya sa za a iya samun Ibrahim Babangida janar na Minna da Ibrahim Babangida ɗan ƙwallo na Kaduna, suna ɗaya, gida daban. A fagen wasa kuwa, sunan ya tsaya ne a kan 'yan'uwa uku daga Kaduna: Tijjani, Ibrahim da Haruna. Tarihinsu ya nuna yadda suna kan buɗe wa mutum ƙofa, sannan ya zame masa mudun da za a riƙa auna shi da shi har ƙarshen rayuwa.

Tijjani, wanda aka haifa a 1973, shi ne ya kai sunan duniya. Gajere ne mai gudun tsiya a gefen dama. Daga Roda JC ta ƙasar Holan ya koma Ajax a 1996, shekarar da ya ci zinare da Najeriya a gasar Olamfik ta Atlanta. Shi ya ci wa Najeriya ƙwallo ɗaya tilo ranar da Denmak ta fitar da ita da ci 4 da 1 a gasar cin kofin duniya ta 1998. A shekarar 2000, a Legas, ya zura wa Afirka ta Kudu ƙwallo biyu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin nahiyar Afirka. Daga nan, duk wanda ya ji an ce Babangida a filin wasa, fuskar Tijjani yake gani.

Abin da ake yawan mantawa shi ne, ƙaninsa Ibrahim ya riga shi ɗaga kofin duniya. Yana cikin tawagar 'yan ƙasa da shekara 17 da ta lashe gasar a Japan a 1993, tare da Nwankwo Kanu da Wilson Oruma. Daga baya ya buga wa Volendam a Holan. Da a wani gidan aka haife shi, wannan kaɗai ya isa a riƙa nuna shi da yatsa a unguwa. Amma da ya rasu a hatsarin mota a hanyar Kaduna zuwa Zariya a watan Mayu na 2024, hatsarin da Tijjani ma ya ji rauni a ciki, yawancin kanun labarai sun gabatar da shi ne a matsayin ƙanin Tijjani.

Na Haruna ya fi nauyi. An haife shi a 1982, ya shiga makarantar horar da matasa ta Barcelona tun yana ɗan yaro. Louis van Gaal, wanda ya horar da yayansa a Ajax, ya jawo shi cikin manyan 'yan wasa yana da shekara 15 kacal. Jama'a suka ɗora masa buri iri biyu a lokaci guda: ya zama tauraron Barcelona, kuma ya wuce Tijjani. Bai samu gurbi a babbar ƙungiyar ba. Ya yi wasa a Yukren, ya buga wa Olympiacos ta Girka, ya ratsa Saifurus da Rasha da wasu ƙasashe. Wannan rayuwa ce da dubban yaran da ke buga ƙwallo babu takalmi a filayen Tudun Wada da Kawo ke mafarkinta, amma idan an ambaci Haruna, abin da bai zama ba ake fara faɗa.

Wannan hali bai tsaya a Kaduna ba. A Ghana, Abedi Pele Ayew ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka sau uku a jere, daga 1991 zuwa 1993, yana kuma cikin tawagar da ta ci wa ƙasar kofin Afirka a 1982. Ɗansa André ya jagoranci 'yan ƙasa da shekara 20 suka ci kofin duniya a Masar a 2009, abin da babu wata ƙasar Afirka da ta taɓa yi kafin nan. Duk da haka, wasannin ƙarshe biyu da ya sha kashi a cikinsu, na 2010 da na 2015, su ake ajiyewa kusa da kofin mahaifinsa. A Italiya, Cesare Maldini ya ɗaga kofin Turai a matsayin kyaftin ɗin Milan a 1963, ɗansa Paolo ya maimaita a 2003. Ana yawan kawo wannan misali ne domin ba kasafai ake samun irinsa ba.

Ba a musun amfanin suna. Gidan da ya fitar da ɗan wasa ya san hanyar wakilai da masu horarwa, ya san tarkon kwantiragi, yana kuma da kuɗin takalmi da na jirgi. Ƙani ba ya fara tafiya daga inda yaya ya fara. Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, amma a ƙwallo abin da ake gada kaɗan ne. Gwiwar da za ta jure, kocin da zai yarda da yaro, da ranar da sa'a za ta faɗo, babu wanda ake rabawa a gado.

Darasin ya wuce filin wasa. Ɗan likitan da ya zama malamin makaranta, da ƙanwar lauyar da ta buɗe shagon ɗinki, duk sun san wannan mudu. Adalci shi ne a auna kowa da abin da ya yi da hannunsa. Ibrahim Babangida zakaran duniya ne tun 1993, kuma da wannan ya kamata a fara idan za a tuna da shi.